Kawun da Ya Yi Mini Jaje a Gidan Mutuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu dai ya riga mu, kuma ya tafi ne yadda ya saba barin wurin aiki, bai yi wa kowa sallama ba.

Da azahar aka kai shi. Ban taɓa ganin taron masu faso irin na ranar ba. Maginan Shahuci da na Gwale da na Soron Ɗinki duk sun zo, in ka dubi sahun salla ba ka ganin komai sai dugadugai a tsattsage kamar ƙasan kududdufi da rani. A bakin kabari ma saura kaɗan a yi rigima. An sa shi, an jera itace, aka zo kan kwaɓaɓɓiyar ƙasar da za a toshe kafofi. Wani tsohon magini da ya yi yaron Kawu tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano ya tsoma hannu ya ce, "Wa ya kwaɓa wannan? Kunu ne ko koko?"

Wanda ya kwaɓa ya ce, "Haba Baba, kabari ne fa, ba soro ba."

"Mutumin da ke kwance a nan, in ka yaɓa masa wannan, tashi zai yi ya kankare."

Liman ya yi gyaran murya. Aka ƙaro ƙasa. Tsohon ya durƙusa yana cuɗawa da kansa, hawaye na bin gemu, bakinsa kuma bai daina yi wa wancan faɗa ba.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaurensa, kowa da abin da ya tuna. Wani maɗinki ya ce shi har yau in ya ji gyaran murya a bayansa sai ya ɗaga kai ya dubi indararon gidansa, ko ya toshe. Wata tsohuwa mai ƙosai ta wuce mu za ta cikin gida tana salati tana cewa, "Shi ke nan, baɗi a kan gado ruwa zai same mu." Wani ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa akwai baki." Aka ce amin, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Abu ɗaya ne babu. In tsoho irin wannan ya rasu, jikoki ne ke cika gida da tsiya, mata a cikinsu su ce mijinsu ya gudu bai bar musu cefane ba. A gidan Kawu ba wanda ya yi wannan. Ya haifa, ya binne, bai bar ko ɗaya ba.

Ni kuwa da rabin baki ake gaishe ni. Unguwa duk ta san ni da Kawu ba ma ga maciji tun bazara. Ta kuma san kayana a ɗaure suke, ina jiran ayarin masu tafiya gabas in bi su, in bar Kano bari na har abada. Masu gaisuwa sai su ce, "Ya haƙuri?" sannan su saci kallona, su ga ko zan yi kuka.

Abin da ya sa na ɗauki fensir ke nan. Magini ba ya barin komai a duniya. Abin da ya gina ruwa yana ci kowace damina, masu gida su yaɓe, su sake yaɓewa, har a manta hannun wa ke ƙasa. Ba ɗa, ba jika, in ni ma na yi shiru an gama. Sai dai a yi haƙuri da rubutun. Allona a ƙananan surori ya tsaya, malaminmu ya ce da koyar da ni gara ya yi wa kaza aski. Boko kuwa da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. An dai yi yaƙin, ba zan ce wa ya ci ba.

Ni mai jakai ne, ɗiban ƙasar gini ce sana'ata. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma tun ina saurayi shi nake kai wa ƙasa. Bai taɓa kirana da sunan yanka ba. Ja'iri nake ina da ƙuruciya, ja'iri nake da haƙorana suka fara zuba. Ba zan ce ya zalunce ni ba. Wata rana zafi ya yi yawa, na ga Goron Dutse ya yi mini nisa, sai na tsaya a wani rami a bayan gidan majema na cika mangala, na barbaɗa jar ƙasa a sama kamar mai sa wa tuwo man shanu. Kawu ya zura hannu can ƙasa, ya ɗebo, ya taɓa a harshe, ya tofar.

"Ja'iri, yaushe aka fara jima a Goron Dutse?"

Na ce, "Kawu, ai duniya ce ta sauya."

"To mayar musu da duniyarsu, ka kawo mini ƙasa."

Don in rama sai na sa wa jakin da ya fi taurin kai a cikin nawa suna Magini. In na bi ta gindin ginin da Kawu yake kai sai in ɗaga murya, "Magini, tafi mana, tsohon banza!" Na ɗauka bai gane ba. Ran nan jakin ya yi targaɗe na bar shi a gida, sai Kawu ya leƙo daga kan katanga ya ce, "Ina takwarana? Ko shi ma ya gaji da kai?"

Yana da wata ɗabi'a. In an yi ruwan fari, washegari ba ya aiki. Sai ya ɗauki sanda ya shiga lunguna yana zungurar bangon mutane, yana sallama a gidajen da ba a kira shi ba. "Mai gida, bangonka na yamma ya yi ciki, haihuwa zai yi." Wasu su gode, wasu su ce tsoho ya cika shisshigi. Gidajen da ba namiji kuwa ba ya ma sallama sau biyu. Sai dai matar ta ji motsi a kan rufi, ta fito ta gan shi a tsugune yana toshe yoyo. Kafin ta buɗe baki da godiya ya riga ta da faɗa: "Wa ya ce ki riƙa shanya kuɓewa a nan har kaji su tone miki rufi?" Ta koma ɗaka tana ƙunƙuni, ɗakin kuma ya daina zuba. Ina jin ya fi son a zage shi da a gode masa. Godiya tana sa shi ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Yanzu sai in zo kan abin da ya raba mu.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mini. Uwarsa ta rasu yana ƙarami. Bai gaje ni ba, alhamdu lillahi, don tun da ya tasa Kawu ya janye shi daga bayan jakai ya hau da shi kan gini. Ya zama magini na gaske. Yana tsaye a kan katanga a jefa masa tubali daga ƙasa, ya cafe da hannu ɗaya yana hira. Kawu ba ya yabo, amma sau ɗaya ya dubi wani bakan gizo na rufi da yaron ya ɗaure a wani soro ya ce, "Ba laifi." Magina suka yi ta maganar kamar an ga wata. Da zai yi aure da hannunsa ya gina ɗakinsa a cikin gidana, ni na ɗebo ƙasar, kuma wannan karon daga Goron Dutse na gaskiya, ba ha'inci ko mangala ɗaya.

Bazarar da sanƙarau ya shigo gari ya tafi da shi. Ya tashi da ciwon kai, wuya ya ƙi juyawa, muna ta neman rubutu da saiwa, kafin mu san inda muke an gama.

Ina zaune a kan tabarmar makoki, mutane na zuwa suna faɗin abin da ake faɗi. Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta. Allah ya ba da haƙuri. Ina ta amin kamar mai tauna tsakuwa. Sai ga Kawu, a makare, ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. Sannan ya ce, yadda kowa zai ji:

"Allah ya mayar da alheri."

Kowa a garin nan ya san wannan ba gaisuwar mutuwa ba ce, jaje ne. Ita ake faɗa wa wanda rumfarsa ta ƙone, ko aka sace masa akuya, ko jakinsa ya faɗa rijiya. In ma an faɗa a kan mutuwa, to sai dai jariri, ga iyaye masu sauran ƙuruciya. Liman ya sunkuyo ya ce a hankali, "Baba, jinƙai ake roƙa masa."

Kawu ya ce, "Na roƙa masa tun a bakin rami. Wannan na uban ne."

Na ji kaina ya yi zafi. Na ce, "Kawu, ɗana ne fa. Ba jakina ba."

"Na san wanda ya mutu."

"To me za a mayar mini? Dubi gemuna. Mace babu, ƙarfi babu. A wace kasuwa ake sayar da irinsa?"

Ya ce, "Ni ba ni na yi alkawarin ba, ja'iri. Tambayi Mai shi."

Na tashi na shige gida na bar shi da mutane. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma na san haka ne. Amma har yau ina ganin ko da maganar gaskiya ce, ba ranar faɗinta ba ce. Yana iya bari ƙasar kabarin ta bushe.

Surukata ta gama takaba ta koma gidan iyayenta, ba ciki ba goyo. Gida ya rage daga ni sai jakai. Na ja ƙofar ɗakin yaron na ɗaure. Da damina ta fara ƙarfi Kawu ya aiko a ce mini rufin ɗakin yana son yaɓe. Na ce a ce masa ba na so kowa ya taka shi. Ya sake aikowa, na ce a ce masa mai jakai ya ji, Allah ya mayar da alheri. Ai kuwa da marka ta kankama, wata la'asar ina zaune a zaure sai na ji rim. Na leƙa. Ɗakin ya durƙusa kamar raƙumi, azara ta leƙo ta cikin ƙasa, ƙofar da na ɗaure tana tsaye ita kaɗai da igiyarta.

Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje. Yanzu kam maganar ta hau daidai, kowa sai ya ce Allah ya mayar da alheri. Kawu ma ya zo. Shi kaɗai ne bai faɗa ba. Ya zagaya tsibin, ya ɗauki ɓarɓashi ya murza a tafin hannu ya ce, "Ƙasa mai kyau. Ƙasa ba ta mutuwa, gajiya take yi da tsayuwa ta kwanta. In ruwa ya ɗauke a jiƙa ta a tashe ta. Wadda ta taɓa zama ɗaki ta fi sabuwa ladabi."

A raina na ce, wannan tsibin shi ne abin da hannun yaron ya bar mini, ba mai cuɗa shi da ƙafa ina raye.

Daga nan zama ya gagare ni. In na shiga gida tsibin yana kallona, in na fita kowace katanga na gani sai in tuna wanda ya hau ta. Sai in kora jakai ba komai a bayansu, in fita ta wannan ƙofa in bi gindin ganuwa in shigo ta waccan, in sake fita. Masu gonakin bakin badala suka fara tambayata ko wani abu na yar. In na zauna a majalisa ba na kai ƙarshen labari, ni da a da sai an roƙe ni in yi shiru. In na ta da salla sai in tsinci kaina a sujada ban san ta nawa ba ce. Abinci a tsaye. Ran nan na ji ana maganar wani ayari da za su bi mota zuwa Barno, daga can su yi gabas, wanda ya kai Makka ya kai, wanda ya maƙale a hanya ya zauna nan. Na je wurin madugunsu na ce a sa da ni. Mutane suka ce, kai, mai jakai ya shiryu. Ni na san ba shiriya ba ce. Ƙafa ce ke ƙaiƙayi, kuma ba hanyar da za ka bi ka gudu a yi maka addu'a sai wannan.

Ruwa ya ɗauke, aka shiga kaka, lokacin gini ya yi. Wata azahar na dawo daga yawona na banza na tarar da Kawu a cikin gidana, a tsugune a kan tsibin, da butarsa, ya naɗe hannun riga yana wanke fuska. Ruwan yana sauka a kan ƙasar yana shigewa.

Watanni ban yi masa magana ba, amma ranar maganar ta suɓuce. "Kawu, me ke nan?"

Ya ƙarasa wanke ƙafa ta biyu. "Alwala."

"Duk faɗin Kano?"

"Za ka hana ni alwala, kai da za ka Makka?"

A ina aka taɓa jin ɗa ya kori kawunsa daga kan alwala? Unguwa ce za ta cinye ni ɗanye. Ni da na yi shekaru ina tsiya a gari, ranar na san a gidan su uwata na gajo ta, kuma ƙanƙanuwa aka ba ni.

Washegari ya dawo. Jibi ma haka. Daga Shahuci yake takowa da sanda a hannu ɗaya, buta a ɗaya, ya wuce masallatai ya wuce rijiyoyi, sai kan tsibina. Na sare ƙaya na kewaye wurin, ya sa sanda ya ja ta gefe kamar mai buɗe labule. Ranar Juma'a ma da baƙi ya zo, tsofaffin magina abokansa, kowa da butarsa, suka jeru a kai kamar angulaye a kan mahauta, suna ta kurkure baki suna tofarwa. Na tsaya da hannu a ƙugu. Ɗayansu ya ce mini, "Malam, ko za ka ɗan ƙaro mana ruwa?"

Rana ta ƙarshe shi kaɗai ya zo. Na ga da ƙyar ya hau, sai da ya dafa ƙasa da hannu. Na zauna a kan turmi na jira ya gama.

Na ce, "Kawu, kana wahalar da kanka. Buta ba za ta jiƙa wannan tsibin ba ko za ka shekara."

"Na sani. Ni buta gare ni. Kai ne mai jakai."

"Ni tafiya zan yi. An ce bayan sati biyu."

"Uhm. Can gabas ɗin wani ne daban ke iko da ita?"

"Shi ne dai. Amma can ba tsibi."

Ya juya butar, yana ɗiga sauran ruwan. Sannan ya ce, "Ni karatuna bai fi naka ba. Amma na ji malamai suna cewa, inda Ya ce tsanani yana tafe da sauƙi, sau biyu Ya faɗa, a jere. Ni nan da kake gani, ɗan Adam mai mantuwa, in na ce wa mai gida abu sau biyu, to zan yi."

Na ce, "Na duba gefen tsananin nan dama da hagu, Kawu. Ban ga kowa tare da shi ba."

"Ai ba ka zauna ba. Kullum kana bayan ganuwa."

Ya miƙo hannu in sauko da shi. Na kama. Hannun ba nauyi, kamar busasshen kara. Bai ce sai gobe ba, ni ma ban ce ba.

Washegari azahar ta yi ban fita ba. Na ce wa kaina jakai nake hutarwa. Na ji haushin kaina da na ga ina kallon ƙofa. Aka yi kiran la'asar bai zo ba. Kashegari da safe aka aiko, wai ya fito ya jingina da bango yana shan hantsin farko, matarsa ta kawo masa koko ta tarar ba shi.

Matar nan tasa Inna nake ce mata. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ido ya yi rauni, baki kuwa bai san an tsufa ba. Bayan sadakar bakwai, ayari na shirin tashi, na shiga in yi mata sallama. Rabona da cikin gidan an daɗe. Na tarar da ita a ɗakinta a kan tabarmar takaba, na ɗaga kai, sai na ga sama ta cikin rufi. Azara ta lanƙwashe, an tokare ta da taɓarya. Mutumin da ya toshe yoyon rabin birni, a nan yake kwana.

Ta ce, "Wane ne? Ja'iri?"

"Ni ne, Inna."

"An ce har yanzu kana riƙe da maganar da ya faɗa maka."

Na ce, "Ya wuce, Inna."

"Ƙarya kake yi, muryarka ba ta wuce ba. Zauna. Kana ganin kai ka fara jin ta? Ranar da muka binne na farinmu, ya dawo daga maƙabarta, ƙafarsa duk ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofar nan ya ce mini Allah ya mayar da alheri. Ludayi na jefe shi da shi. Ga tabon nan ya tafi da shi a goshi, ku kuna cewa tubali ne."

Ni kuwa tun ina yaro na san tabon, kuma tubali aka ce mana.

"Duk wanda muka kai, haka zai dawo ya faɗa. Har wadda ta girma ta isa aure. Daga baya na gane ba da ni yake ba, da kansa yake. In bai faɗa ba, ba zai iya hawa gini washegari ba. Ranar naka kuwa, nan ya shigo ya juya mini baya ya fuskanci bango. Yaron nan shi ne hannunsa. Abin da yake faɗa wa kansa shi ya ba ka, don ba shi da wani."

Sannan bakin nan nawa da ba ya jin bari ya ce, "To Inna, an mayar?"

"Kai ka ga an mayar? Ga ni nan, ga taɓarya."

"To ashe..."

"Kul! Kar ka ƙarasa. Ni ma na tambaye shi haka, ba sau ɗaya ba. Ya ce Mai alkawarin bai yanke rana ba, kuma in ka aika wa maƙwabcinka da ƙwarya, ba lalle abin da ka zuba shi zai dawo a ciki ba. Na ce to in ba ta dawo ba har ka mutu fa? Ya ce sai in je in karɓo da kaina." Ta goge hanci da bakin zane. "To ya tafi karɓowa. Ina nan ina jira in ji."

Na sunkuyar da kai. Abin da masu gaisuwa suka yi ta leƙe ba su gani ba, Inna da ba ta gani sosai ita ta ji shi. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, da irin muryar da ake aiken yaro sayen gishiri:

"Wannan ɗakin ba zai ga wata damina ba. In na fita takaba ban san inda za ni ba. An ce kana da ƙasa a jibge."

"Inna, tafiya zan yi. Jibi."

"Ka tafi mana, wa ya riƙe ka? Ka gina ka tafi. Kuma ƙofar ta kalli gabas, ba na son ranar yamma."

Ayari ya tashi ba ni. Na ce wa madugu a sa ni a na gaba. Da safen da motarsu ta bar gari na ɗora wa jakai tuluna muka yi ta jigila daga kududdufi har tsibin ya sha ya ƙoshi. Shiga cikinsa da ƙafa shi ne abin da ya fi mini wuya a duk rayuwata. Na tsaya a bakinsa har rana ta take. Da na shiga kuwa, ƙasa ce, sanyi gare ta, tana kama ƙafa.

Ni ba magini ba ne, shekaruna duk a gindin gini na yi su ina kallo. Yanzu nake gane abin da ban lura ba. Ba a yin ɗaki a rana ɗaya. In ka jera tubali ka yi ɗori, dole ka sauka ka bar shi ya bushe kafin ka ɗora wani, in ka yi gaggawa na ƙasa ya zame. Wato rabin gini jira ne, ni kuwa jira ne ba na iyawa. Har yanzu ranar da ɗori ke shan rana sai in tsinci kaina a bayan ganuwa. Kayana suna nan a ɗaure. Bangon ya kawo mini ƙirji, ya ɗan karkata kamar mai sauraron gulma, magina in sun leƙo sai su kau da kai don kunyar Kawu. Inna kuma kullum da saƙonta, yau a bar mata gurbin fitila, gobe kar dokin ƙofa ya yi tsawo. Na rasa ɗa magini, ga shi za a kawo mini tsohuwa mai faɗa. Ban ce wannan ne alherin ba. Ban kuma isa in ce ba shi ba ne.

Allah ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa faɗansa, Ya tara masa nasa da ya binne a wuri ɗaya, da nawa a cikinsu. Wanda ya karanta wannan, in ɗakinsa na ƙasa ne, ya yi masa fatiha, wataƙila hannunsa ne a ƙarƙashin yaɓen.

Jiya ƙanin madugu ya same ni a kan bango, taɓo har gwiwa. Ya ce, "Mai jakai, wani ayarin zai tashi bayan salla. A sa da kai?"

Na ce, "Bari ɗorin nan ya bushe tukuna."

"Haka ka ce wancan zuwan."

Na ce, "Wancan wani ɗorin ne. Miƙo mini tubalin nan na kusa da ƙafarka."